Ranar Haɗiye Kyamara: Abin da Majiyyacin Bakin Tafki Zai Tarar

A kasuwar kifi ta Yelwa, ko a tashar jiragen ruwa ta Wara, da wuya hira ta yi nisa ba a ji wani ya dafe ƙirji ya ce olsa ce ta motsa masa ba. Masunci na faɗa, manomin albasa na faɗa, mai bandar kifi ma haka. A cikinsu da wuya a sami wanda aka taɓa ganin gyambonsa da ido. Mai kemis ne ya saurari bayani, ya miƙo farin ruwa a kwalba da ƙwayoyi a leda. Sai ranar da ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita ya rubuta takardar turawa, ya ce a tafi babban asibiti a leƙa cikin da kyamara. Takardar kan shige aljihu ta yi watanni, domin labarin da ke yawo a tungaye shi ne ana danna wa mutum tiyo ta baki har numfashinsa ya ɗauke.

Labarin na da tushe, sai dai tushen ya tsufa. A 1868, a birnin Freiburg na Jamus, likita Adolf Kussmaul ya so ganin cikin mutum mai rai da miƙaƙƙen bututun ƙarfe mai tsawon kusan rabin mita. Wanda ya iya jure masa shi ne wani ɗan wasa da sana'arsa haɗiye takobi. Ƙarfen ya shiga, amma haske bai kai ba, likitan bai ga abin kirki ba. Sai a 1957 Basil Hirschowitz, haifaffen Afirka ta Kudu, da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan ta Amurka suka haɗa bututu mai lanƙwasa da zaruruwan gilashi masu ɗaukar haske. Kafin ya sa wa kowane majiyyaci, shi ya fara haɗiye shi.

Na'urar yau jikar waccan ce. Baƙin bututu ne mai laushi, tsawonsa ya ɗan haura mita 1, kaurinsa bai cika wuce milimita 10 ba, da fitila da ƙwayar kyamara a bakinsa. Likita na riƙe da ɗaya ƙarshen yana murza maɓallan da ke karkata kan bututun, hoto kuma na fitowa a allo. Duk wanda ya saba da lomar tuwon shinkafa yana haɗiyar abin da ya fi wannan bututu kauri kullum, hanyar kuma ɗaya ce: baki, maƙoshi, bututun abinci, tumbi, sai farkon ƙaramin hanji. Hanyar iska daban take, tana ta gaban wuya, kyamarar ba ta binta. Wannan ce maganar da mai fargaba zai riƙe kafin kowace: zai ci gaba da numfashi ta hanci da ta baki tun daga sawa har zarewa.

Wasu kan ce ai an riga an yi musu hoton ciki a gari, me kuma ake nema? Hoton da ake shafa wa mutum mai a goga na'ura a kan fata yana nuna hanta, ƙoda, matsarmama da mahaifa, amma ba ya nuna shimfiɗar da ke cikin tumbi, inda gyambo yake zama. Can sai an shiga an duba. Gani ya kori ji.

Ba kowane ƙwannafi ne ake zura wa kyamara ba. Likitoci sukan tura mutum ne idan ya yi aman jini, ko bahayarsa ta koma baƙa ƙirin mai danƙo da mugun wari, ko abinci ya fara tsaya masa a ƙirji, ko yana ramewa ba dalili, ko amai ya ƙi tsayawa, ko jininsa na ƙarewa ba a san ta inda yake zuba ba. Haka nan wanda ya manyanta sannan ciwon ciki ya far masa a karon farko, da wanda ya sha magani yadda aka tsara bai ga sauƙi ba.

Abubuwa biyu ne suka sa maganar ta shafi mutanen Yauri, Ngaski da Shanga fiye da yadda suke zato. Na farko maganin gajiya. Wanda ya kwana yana jan taru, ko ya wuni a duƙe a fadamar albasa, yakan tsaya a kemis ya karɓi haɗi, kuma cikin haɗin nan sau da yawa akwai diklofenak, ibufurofen ko firoksikam, wani lokaci biyu a tare. Waɗannan ƙwayoyi suna raunana majinar da ke kare bangon tumbi daga ruwan tsamin da ke narka abinci. A sha su kullum, musamman da yunwa, sai gyambo ya buɗe, kuma yakan yi ta tsiyayar jini a ɓoye domin ƙwayar da ta jawo shi ita ce ke danne zafinsa.

Na biyu ruwan kansa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, kogi ya zama tafki, aka tashi mutane fiye da 40,000, Gungawa da Kambari da sauran mazauna tsibirai da gaɓa, zuwa sababbin matsugunai. Kwantaccen ruwa mai ciyayi shi ne gidan ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya. Wadda kowa ya sani ita ce mai sa yaro fitsarin jini, amma tana da 'yar'uwa mai kama hanji, wadda ƙwayayenta ke maƙalewa a hanta shekara da shekaru har hantar ta yi tauri. Ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a arewacin Najeriya, shi ma yakan kai ga haka. Idan hanta ta yi tauri jini ya kasa ratsa ta, sai ya nemi wata hanya, jijiyoyin ƙasan bututun abinci su kumbura su yi suntum. Ranar da ɗaya ta fashe, ƙaƙƙarfan mutum zai kama aman jini ba tare da wani gargaɗi ba. Da kyamarar nan ake ganin jijiyoyin, kuma da ita ake ɗaure su da ƙananan zoben roba. Aman jini dai ba ya jiran ranar da aka rubuta a kati. Asibiti mafi kusa za a nufa nan take, a sa ruwa ko jini, sannan a yi maganar gaba.

Aikin da ke cikin ɗaki bai kai na hanya wahala ba. Ana yin wannan bincike a manyan asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, da na Malam Aminu Kano. Mutumin Shanga ko Yelwa zai bi ta Koko, Jega da Tambuwal kafin ya ga Sakkwato. Na tungayen Ngaski kuwa wataƙila sai ya fara da kwalekwale. Don haka kafin a kashe kuɗin mota, a tambayi likitan da ya yi turawar inda ya fi kusa da ake yi a halin yanzu, a samo lambar wayar sashen, a tabbatar da rana da kuma cewa na'urar na aiki. A tambayi kuɗin aikin, a kuma tambayi na ɗakin gwaje-gwaje idan an ɗebi tsoka, domin sau da yawa daban ake biyansa. Wasu asibitocin kan nemi gwajin jini tun kafin ranar. Abin da ya fi shi ne a isa garin tun ana gobe, a kwana, a wayi gari a huce.

Sai maganar yunwa, wadda ita ta fi mayar da mutane gida hannu rabbana. Dole tumbi ya zama wayam, don likita ya gani sosai, don kuma kada abinci ya taso ya faɗa huhu. Ƙa'idar da aka saba ita ce a bar abinci awa 6 zuwa 8 kafin aikin. Koko, kunu, fura da shayi mai madara duk abinci ne, ko da tsoho ya rantse cewa ruwa-ruwa kawai ya kurɓa. Goro ma a ajiye shi. Wasu asibitocin suna barin a kurɓi tsabar ruwa har zuwa awa 2 kafin a shiga, wasu ba sa bari. Abin da aka faɗa wa mutum a can shi zai bi. Wanda ya manta ya ci wani abu, ya faɗi gaskiya. Ɗaga aikin da 'yan awoyi ya fi ƙwarewa a kan gado.

Duk maganin da mutum ke sha, a zuba shi a leda a tafi da shi, har da jiƙe-jiƙen gargajiya da haɗin kemis. Masu shan omefurazol da danginsa sukan sami umarnin dakatawa mako 2 kafin ranar idan za a nemi ƙwayar cutar gyambo, domin maganin na ɓoye ta. Masu shan maganin tsinka jini, irin su wafarin, kulofidogirel ko asfirin, kada su daina da kansu, likita ne zai auna. Mai ciwon suga ya roƙi a sa shi a sahun farko na safe, ya kuma tambayi yadda zai yi da allurarsa ko ƙwayarsa alhali bai karya ba. Mai juna biyu, mai ciwon zuciya, mai asma, wanda wata allura ta taɓa yi wa illa, mai haƙoran roba ko haƙori mai girgiɗi, duk su faɗa tun ba a tambaye su ba.

A tafi da ɗan rakiya babba mai hankali. Za a kawo takardar amincewa a sa hannu, galibi da Turanci, kuma haƙƙin majiyyaci ne a warware masa ita da Hausa. Idan tsohuwa ce da ta fi sakin jiki da Gunganci ko Kambarci, ɗan rakiyar ya zama mai jin yaren.

A ɗakin, za a auna hawan jini, a maƙala wa yatsa wani ɗan maƙali mai nuna bugun zuciya da yawan iskar da ke cikin jini. Sannan a fesa wa maƙogwaro maganin kashe zafi, lidoken. Yana da ɗaci. Cikin minti ɗaya ko biyu mutum zai ji kamar maƙogwaronsa ya kumbura, kamar ba zai iya haɗiyar yawu ba, kuma a nan ne da yawa ke fara firgita tun ba a taɓa su da komai ba. Babu abin da ya kumbura. Wurin ne ya mutu na ɗan lokaci, abin da ake so ke nan.

Daga nan hanya biyu ce. Akwai masu yi da feshin kaɗai, ido biyu, su tashi su kama gabansu. Akwai waɗanda ake ƙara wa allurar kwantar da hankali ta jijiya, galibi midazolam. Ba irin barcin tiyata ba ne. Mutum na jin magana sama-sama, jikinsa ya saki, kuma sau da yawa ya farka bai tuna abin da ya faru ba, har ya tambayi yaushe za a fara. Wanda ya san kansa da saurin kakarin amai, ko tsoro ya hana shi barci, ya nemi allurar tun ranar da ya karɓi kati. Wanda kuma ba shi da mai rakiya, ko huhunsa ba lafiya, feshin ya fi masa.

Za a kwantar da shi a gefen hagu, a sa masa zoben roba tsakanin haƙora don kada ya ciji bututun. Ma'aikaciyar jinya na tsaye a kansa da ƙaramin tiyon tsotse yawu. Likita zai ɗora kan bututun a bayan harshe, sai a ji an ce, “Baba, haɗiye. Yawwa, sau ɗaya kawai.” Wannan ita ce gaɓa mai wuya, kuma ba abin ɓoyewa ba ne: za a yi kakari, ido zai kawo ruwa. Amma 'yan daƙiƙoƙi ne. Da zarar bututun ya wuce maƙoshi, kakarin kan lafa. Likita zai hura iska don tumbi ya buɗe, mutum ya ji ciki ya cika, gyatsa ta riƙa kuɓuce masa da ƙarfi. Dattijon da bai taɓa yin gyatsa a gaban 'ya'yan cikinsa ba yakan ji nauyin wannan fiye da bututun, alhali ma'aikatan ko a jikinsu, abin da suke ji ke nan kowace safiya. Yawu kuma a bar shi ya dalala kan tawul, ƙoƙarin haɗiye shi ne ke tayar da tari.

Idan likita ya ga wurin da bai gamsu da shi ba, zai zura ɗan mitsitsin matsefi ta cikin bututun ya tsinko tsoka ƙanƙanuwa don gwaji. Shimfiɗar tumbi ba ta jin zafin yanka, don haka yawanci mutum bai ma san an yi ba. Binciken duka kan ɗauki minti 5 zuwa 15, sai dai idan akwai jijiyar ɗaurewa ko jinin tsayarwa.

Fargaba aikin jiki ce, ba raunin imani ba, ba kuma ragwantaka ba. Zuciya ta yi sauri, numfashi ya gajarce, wuya ya sandare, kuma sandararren wuya shi ne ke sa bututun wahalar wucewa. Abin da ya fi saurin warware wannan shi ne numfashi: a ja iska ta hanci a hankali ana ƙirga huɗu, a sake ta ana ƙirga shida, fitarwa ta fi shiga tsawo. Amma a kan gadon asibiti ba a koyon sabon abu. A fara gwadawa tun a gida, mako guda kafin tafiya, a kwance a gefen hagu bayan sallar isha. Masu zikiri sun riga sun sami abin ɗora numfashin: tasbihi ɗaya a zuci da kowace fitar iska, tun da baki ba zai motsa ba. A sauke kafaɗu, a saki yatsu, a zuba wa wuri ɗaya ido ko a lumshe. Kafin a fara, a yi yarjejeniya da likita cewa ɗaga hannu na nufin a dakata. Sanin cewa akwai birki a hannu yana rage tsoro ƙwarai, ko da ba a taka shi ba. Abin da ba a yi shi ne kai hannu a fizgi bututun, domin ta nan ake jin rauni.

A daren ana gobe, a guji masanan zaure. Kowane gari na da mutumin da aka yi wa ƙanin matarsa kuma bai ƙara magana ba sai bayan kwana uku. Haka nan bidiyon waya, wanda ke nuna abin daga inda majiyyaci ba zai taɓa gani ba. Kada kuma a sayi ƙwayar barci ko taramol a kemis don a dake, domin idan ta haɗu da allurar asibiti tana iya danne numfashi da gaske. Faɗa wa ma'aikaciyar jinya “Sista, ni fa tsoro nake ji” ya fi kowace ƙwaya amfani, don za ta tsaya kusa tana faɗin abin da ke gudana.

Mata na da tasu damuwar. A leƙen ciki ta baki ba a tuɓe kaya, iyaka a sassauta hijabi ko ɗankwali a wuya, kuma mace na iya neman a bar ma'aikaciya mace a tare da ita. Wanda ake yi ta dubura don duba babban hanji aiki ne daban, da shiri daban na shan maganin wankin ciki, don haka a duba takarda a san wanne aka rubuta. Mai tunanin ɗaukar cuta daga na'urar ya sani ana wanke ta a jiƙa ta a maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane majiyyaci, kuma ba rashin kunya ba ne a tambaya.

Akwai tsoron da ba a cika furtawa ba, na abin da za a gani. Mutum ya fi son zama da sunan olsa da ya ji an ambaci ciwon daji. Abin da aka fi samu dai shi ne kumburin bangon tumbi, gyambo, ƙunar da ruwan tsami ke yi wa bututun abinci, ko ma a tarar komai lafiya lau. Wanda aka ce masa ba a ga komai ba kada ya ce ya yi asarar kuɗin mota, domin an cire masa munanan zato, an kuma nuna wa likita ya nemi ciwon a wani wuri. Haɗari kuwa akwai shi, amma ba kasafai ba: zubar jini, hujewar bango, ko numfashi ya yi ƙasa saboda allura, abin da ya sa ake maƙala abin nan a yatsa.

Bayan an zare, ba ci ba sha har kusan awa 1, sai maƙogwaro ya farfaɗo. A fara da kurɓar ruwa, in ya wuce lafiya a sha kunu mai ɗumi. Ɗan kaikayin wuya da kumburin ciki na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Wanda aka yi wa allura, na awa 24 ba tuƙin mota, ba babur, ba riƙe injin jirgi, ba fita su, ba ƙulla ciniki, ko da yana jin kansa garau. Mutumin da gidansa ke tsallaken ruwa gara ya ƙara kwana a gari. Idan matsanancin ciwon ƙirji ko na ciki ya taso, ko zazzaɓi, ko aman jini, ko baƙar bahaya, ko numfashi ya yi wuya, komawa asibiti za a yi nan da nan, kuma hakan ya fi sauƙi daga masauki a kan daga tsakiyar tafki.

Sau da yawa takardar sakamako za ta ambaci Helicobacter pylori. Ƙwayar cuta ce mai zama a tumbi, ana kamuwa da ita tun ƙuruciya, ta yawaita inda ruwan sha ba shi da tsabta. Likitoci biyu a Perth ta Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka nuna a farkon shekarun 1980 cewa ita ce ke haddasa yawancin gyambon ciki. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kwankwaɗi ruwa mai ɗauke da ƙwayar a 1984, ya kwanta ciwo, aka zura masa kyamara aka ga kumburin. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Maganinta haɗin ƙwayoyi ne na kwana 10 zuwa 14, masu kashe ƙwayar cuta da mai rage tsami. Yana da ɗaci a baki, yakan kuma ɓata ciki, shi ya sa mutane ke yar da shi a kwana na biyar da zarar sun ji sauƙi, ƙwayar ta farfaɗo ta ƙi jin magani. A shanye shi, sannan a sake gwaji bayan aƙalla mako 4.

Kafin a bar asibiti, a karɓi takardar rahoto, a ɗauke ta hoto a waya, domin takarda da kwalekwale ba sa shiri. Idan an ɗebi tsoka, sakamakonta kan ɗauki kwanaki ko makonni, don haka a tambayi ranar karɓa da ko ɗan'uwa mazaunin gari zai iya karɓowa. Rahoton na likitan da ya yi turawar ne, shi zai ci gaba da duba mutum a gida. Idan an ga jijiyoyi masu kumburi, za a binciki hanta, a ba da firazikwantal in tsargiya ce, kuma ɗaurin jijiya kan buƙaci komawa fiye da sau ɗaya. Idan gyambon a cikin tumbi yake, likita zai ce a dawo bayan mako 6 zuwa 8 a sake leƙawa a tabbatar ya warke, don haka a fara tanadin kuɗin motar tun daga ranar.